Folik Asid da Nauyin Jariri: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Juna Biyu a Jihar Kebbi

Duk matar da ta taɓa zuwa awo a Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yawuri ko Zuru ta san ƙwayoyin nan da ake sallamarta da su, wato ja ko ruwan ƙasa ta ƙarin jini, da kuma 'yar ƙarama ruwan ɗorawa da ake kira folik asid. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mata da mazajensu da surukai suka fi yi a kan wannan 'yar ƙaramar, musamman a kan abin da ya shafi girman jariri.

Mene ne folik asid, kuma me ya sa ake haɗa shi da maganin ƙarin jini?

Folik asid ɗaya ne daga cikin sinadaran bitamin na rukunin B, shi ne na tara a jerinsu, kuma jiki yana buƙatarsa a duk lokacin da zai ƙirƙiri sababbin ƙwayoyin halitta. Ba a taɓa yin wannan aiki da yawa kamar lokacin goyon ciki ba, domin mahaifa tana faɗaɗa, mabiyiya tana girma, jinin uwa yana ƙaruwa, ɗan tayi kuma yana ginuwa daga abin da ido ba ya gani. Saboda haka buƙatar mace takan tashi daga miligiram 0.4 a kullum zuwa kimanin miligiram 0.6 idan ta sami ciki.

An fara gane muhimmancinsa ne ta dalilin masu ciki. A shekarar 1931 wata likita 'yar Ingila mai suna Lucy Wills, wadda take aiki a birnin Bombay na Indiya, ta gano cewa wani nau'in ƙarancin jini da ke addabar matalautan mata masu juna biyu yana warkewa idan aka ba su wani abinci da ake yi da yis. Shekara goma bayan haka, a 1941, masana a Amurka suka ware sinadarin daga ganyen alayyafon Turawa. Ana haɗa shi da ƙwayar ƙarin jini ne domin jan jini yana buƙatar su biyun: ɗaya yana ba da sinadarin ƙarfe, ɗayan yana taimakawa wajen haɗa ƙwayoyin jinin kansu.

Gaskiya ne cewa yana ƙara wa jariri nauyi?

Amsar nan tana buƙatar a rarrabe ta, domin an cika faɗin abin da ya wuce hujja a kanta. Bincike da yawa da aka yi ta hanyar bibiyar masu ciki sun nuna cewa matan da ke shan folik asid, musamman waɗanda suka fara tun kafin ciki, ba su cika haihuwar ƙananan jarirai ba kamar waɗanda ba su sha. Sai dai irin wannan bincike yana da rauni guda: matar da ke shan ƙwayarta a kan kari galibi ita ce mai zuwa awo da wuri, mai kwana cikin gidan sauro, wadda kuma gidansu ba a rasa abinci. Da wuya a tantance ko ƙwayar ce ta yi aikin ko sauran abubuwan.

Hanyar da ta fi ƙarfi ita ce gwajin da ake raba mata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, wasu kuma ba a ba su ba. A shekarar 2013 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje, ta tattara guda 31 a kan folik asid lokacin goyon ciki. Ta sami ɗan ƙarin nauyi na kimanin giram 135 a matsakaicin lissafi, ta kuma sami raguwa sosai a nau'in ƙarancin jinin da rashin sinadarin ke haddasawa, amma ba ta sami tabbataccen dalilin cewa shi kaɗai yana hana haihuwar bakwaini ko mutuwar jariri a ciki ba. Da yawa daga gwaje-gwajen ma tsofaffi ne.

Abin da za a iya faɗa ba tare da ƙari ba shi ne: idan uwa tana da ƙarancin sinadarin, cike giɓin yana taimaka wa ɗanta ya kai girman da ya kamata. Idan ba ta da ƙarancinsa, ƙara yawan ƙwayar ba zai ƙara wa jariri nauyi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarwarinta na awon ciki na 2016, ta ce a ba kowace mai ciki sinadarin ƙarfe da folik asid tare a kullum, domin rage ƙarancin jini da cutar da ke shiga jiki bayan haihuwa da haihuwa kafin lokaci da ƙarancin nauyin jariri. A kula cewa tare ta ce.

Nauyi nawa ake so jariri ya yi?

Jaririn da ya cika wata tara yakan yi tsakanin kilo 2.5 zuwa kilo 4. Duk wanda bai kai kilo 2.5 ba, wato giram 2,500, ana lissafa shi cikin masu ƙarancin nauyi, kuma a duniya kusan jariri ɗaya cikin bakwai yana zuwa a haka. Hanya biyu ce ke kawo shi: ko dai a haife shi kafin mako 37, ko kuma ya cika watanninsa amma bai sami isasshen abinci ta mabiyiya ba. Irin waɗannan jarirai sun fi saurin ɗaukar sanyi, sun fi wahalar kama nono, cuta ta fi saurin kayar da su a watan farko, kuma sun fi fuskantar tsumburewa daga baya.

Matsalarmu a Kebbi ita ce yawancin jarirai ba a ɗora su kan sikeli. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa ba a kai haihuwa ɗaya cikin goma da ake yi a asibiti a jihar ba. Ƙiyasin ido yana yaudara, don haka ko a gida aka haihu, ya kamata a kai jaririn asibiti mafi kusa a auna shi a ranar ko washegari.

Surukata ta hana ni shan ƙwayoyin, ta ce suna sa jariri ya yi ƙato har a yi wa mace tiyata. Yaya zan yi?

Wannan tsoro ya yaɗu ƙwarai, kuma bai kamata a yi wa Inna dariya a kansa ba, domin ta ga matan da suka kwana biyu suna naƙuda, ta kuma ga abin da doguwar naƙuda ke bari, har da yoyon fitsari. Abin da take gudu gaskiya ne, amma ta ɗora laifin a inda ba shi ba.

Folik asid da maganin ƙarin jini ba su tura jariri ya wuce girmansa. Ko ƙarin da aka samu a gwaje-gwaje, wanda bai kai giram 150 ba, ba shi ne zai hana kai fitowa ba. Abubuwan da aka san suna sa jariri ya haura kilo 4 su ne ciwon suga a jikin uwa, ƙiba mai yawa, da cikin da ya zarce lokacinsa. Naƙudar da ke tsayawa kuwa ta fi zuwa ne daga ƙugun da bai da faɗi, kamar na yarinyar da ba ta gama girma ba ko wadda ta tsumbure tun tana ƙarama, ko kuma daga kwanciyar da jariri ya yi ba daidai ba. Da yawa daga cikin waɗannan a wajen awo ake gano su tun da sauran lokaci.

Akwai kuma ɗaya gefen da ba a cika faɗa ba. Matar da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini ba ta da abin da za ta jure zubar jini da shi, kuma jinin da wata za ta zubar ta tashi lafiya yana iya zama ajalin wata. Binciken 2018 ɗin nan ya sami ƙarancin jini a jikin kashi 61 cikin ɗari na masu ciki a Najeriya. Shawara ita ce kada ki yi jayayya da Inna ke kaɗai. Ki nemi maigida ya roƙe ta ta raka ki awo, ta ji bayanin daga bakin malamar asibiti, domin magana takan fi shiga idan ta fito daga babba zuwa babba.

Yaushe ya kamata a fara sha?

Kafin a sami ciki. Wannan ita ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a wannan shafi, kuma ita ce aka fi saɓa wa. Aikin folik asid da babu ja a kansa shi ne kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa. A farkon halitta, wurin da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yakan fara ne a buɗe, sannan ya naɗe ya rufe, kuma wannan rufewa tana kammala cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta wuce tunanin ko al'adarta ce ta yi jinkiri ba. Idan bai rufe ta ƙasa ba, sai a haifi jariri da ƙullutu ko buɗaɗɗen rauni a gadon baya, sau da yawa tare da shanyewar ƙafafu da rashin riƙe fitsari da taruwar ruwa a kai. Idan ta sama ne, ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa ba su cika, kuma jaririn ba ya rayuwa. A ƙauyuka akan danganta wannan da iska ko da wani abu da uwar ta gani, alhali nakasa ce da likitoci suka san yadda take faruwa. Masu irin wannan lalura daga Kebbi akan tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake aikin ƙwaƙwalwa da laka.

Hujjar kariyar tana da ƙarfi. Wani babban gwaji da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta jagoranta, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1991, ya nuna cewa folik asid ya rage maimaituwar nakasar da kashi 72 cikin ɗari a tsakanin matan da suka taɓa samun ciki mai ita. A 1992 wani gwajin a ƙasar Hangari ya nuna cewa yana hana ta aukuwa tun karon farko. Daga 1998 Amurka ta wajabta zuba shi a cikin garin hatsin da kamfanoni ke sayarwa, kuma adadin masu nakasar ya ragu.

A nan ne al'adarmu take karo da lokaci. Kunyar cikin fari da ɓoye ciki har sai ya fito sun sa mata da yawa ba su zuwa awo sai a wata na biyar ko na shida. Kunya abin yabo ce, amma shan ƙwaya ɗaya a ɗaki ba ya buƙatar a sanar da kowa. Amarya tun daga tarewa, da duk matar aure da ba ta tsarin tazarar haihuwa, ya dace ta riƙa sha kullum, kuma an fi so a fara wata biyu zuwa uku kafin ciki.

Cikina ya kai wata biyar ban fara ba. Akwai sauran amfani?

Akwai. Lokacin kare laka ya wuce, amma buƙatar jini yanzu take ƙaruwa, kuma a watanni ukun ƙarshe ne jariri yake tara yawancin nauyinsa. Ki fara yau, ki ci gaba har haihuwa, kuma ki nemi a yi miki gwajin jini da hoton ciki.

Nawa ake sha? Na ga an rubuta 5 a jikin wadda na saya a kemis.

Adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar wa mai ciki mai lafiya shi ne miligiram 0.4 na folik asid a kullum, tare da miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe, kuma a wurare irin namu inda ƙarancin jini ya yi yawa an fi son 60. 'Yar ƙwayar ruwan ɗorawa da ta cika shagunan magani a Najeriya kuwa galibi miligiram 5 ce, wato ta ninka abin da ake buƙata fiye da sau goma sha biyu.

Wannan bambanci yana da muhimmanci a Kebbi fiye da wurare da yawa, saboda zazzaɓin cizon sauro. Maganin rigakafin da ake ba masu ciki a wajen awo, wanda aka fi sani da Fansidar, yana kashe ƙwayar cutar ne ta hanyar hana ta sarrafa irin wannan sinadari. Idan jinin uwa ya cika da folik asid, sai a buɗe wa cutar ƙofar da maganin ya rufe. Wani gwaji da aka yi a yammacin Kenya, wanda aka buga a 2006, ya nuna cewa miligiram 5 a kullum yana rage ƙarfin Fansidar, miligiram 0.4 kuwa ba ya ragewa, kuma wannan ita ce matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya. Tunda zazzaɓin yana cikin manyan dalilan ƙarancin nauyin jariri a wurinmu, matar da ke shan babbar ƙwaya ba tare da dalili ba tana iya rage wa kanta kariya tana zaton ƙari take yi. Ki tafi da duk magungunan da ke hannunki wajen awo, ki nuna wa malama, ki tambaye ta ko akwai haɗaɗɗiyar ƙwaya mai ɗauke da ƙarfe da miligiram 0.4.

Su wane ne suke buƙatar babbar ƙwayar?

Matar da ta taɓa samun ciki ko haihuwar jariri mai nakasar laka ko ƙwaƙwalwa, mai ciwon suga tun kafin ciki, mai shan wasu magungunan farfaɗiya, da mai sikila. Waɗannan likita ne zai rubuta musu miligiram 4 ko 5, ya kuma tsara musu yadda za su kare kansu daga zazzaɓi. Mai farfaɗiya kada ta daina maganinta da kanta don ta ji yana iya shafar jariri. Ta ga likita tun kafin ciki a duba ko za a sauya mata.

Muna cin zogale da wake kusan kullum. Bai isa ba?

Abincinmu yana da wannan sinadari fiye da yadda ake zato. Wake, gyaɗa, gurjiya, waken suya, zogale, alayyahu, rama, lalo, kuɓewa, ƙwai da lemu duk suna da shi, kuma faten wake da alayyahu abinci ne da ya dace da mai ciki ƙwarai. Hanta ma tana da shi sosai, amma tana ɗauke da bitamin A mai yawan da zai iya cutar da ɗan tayi, don haka ba a son mai ƙaramin ciki ta lazimce ta.

Inda gizo ke saƙa shi ne girki. Sinadarin da ke cikin ganye yana narkewa a ruwa, zafi kuma yana lalata shi, saboda haka zogalen da aka tafasa ya daɗe aka tsiyaye ruwansa kafin a yi kwaɗo ya riga ya yi asarar kaso mai yawa. Gara a zuba ganye a ƙarshen miya, a kuma rage zubar da ruwan dahuwa. Bayan haka, jiki ya fi tsotse na ƙwaya fiye da na abinci, kuma tuwon shinkafa da na dawa da furar gero da muka dogara a kansu daga injin niƙa na unguwa suke fitowa, ba a ƙara musu komai ba. Abinci mai kyau wajibi ne, amma gwaje-gwajen da suka tabbatar da kariyar laka da ƙwaya aka yi su.

Idan ba folik asid kaɗai ba ne, me kuma ke rage nauyin jariri a yankinmu?

Na farko zazzaɓin cizon sauro. Binciken zazzaɓi na ƙasa na 2021 ya sami cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi, adadi mafi yawa a duk Najeriya, kuma wanda ya san fadamun shinkafa na Argungu da Suru da bakin Neja a Yawuri da Bagudo ba zai yi mamaki ba. Ƙwayar cutar takan taru a mabiyiya ta rage abin da ke isa ga jariri, ko da uwar ba ta jin zazzaɓi, kuma masu cikin fari sun fi shiga haɗari. Maganinsa kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare, da shan Fansidar a gaban ma'aikaciyar lafiya daga mako na 13, da tazarar aƙalla wata guda, sau uku ko fiye kafin haihuwa. Mai shan Septrin kullum saboda cuta mai karya garkuwar jiki ba a ba ta Fansidar.

Sauran sun haɗa da rashin isasshen abinci, musamman da damina kafin sabon hatsi ya shigo, aiki mai nauyi har zuwa watan haihuwa, hawan jinin ciki wanda kan kai ga jijjiga, ƙuruciyar uwa, tagwaye, ciwon sanyin da ba a magance ba, da shaƙar hayaƙin itace a rufaffen madafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko cikin mako 12 na farko.

Ƙwayoyin suna tayar mini da zuciya, bayan gidana kuma ya yi baƙi. In daina?

Kada ki daina. Wannan aikin sinadarin ƙarfe ne, folik asid da wuya ya dami kowa, kuma baƙin bayan gida a nan ba cuta ba ne. Ki gwada sha bayan cin abinci ko da dare kafin kwanciya, ki yawaita ruwa da ganye saboda taurin bayan gida. Kada ki kora da shayi ko madara, domin suna rage shigar ƙarfen cikin jiki. Lemun zaƙi yana taimakawa. Idan kin manta rana ɗaya, ki ci gaba washegari ba tare da ninkawa ba, idan kuma kina azumi, bayan buɗa-baki ko lokacin sahur duk ya yi. Ki ajiye su inda yara ba za su kai ba, domin ƙwayar ƙarin jini tana kama da alewa, kuma yawanta guba ne ga ƙaramin yaro.

An ba ni wata ƙwaya guda ɗaya aka ce ta maye gurbin biyun. Daidai ne?

Mai yiwuwa ita ce haɗaɗɗiyar ƙwayar masu ciki mai sinadarai 15, wadda ke ɗauke da miligiram 0.4 na folik asid da miligiram 30 na ƙarfe, tare da su zinki da aidin da wasu bitamin. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe masu tasowa sun nuna cewa tana rage haihuwar jarirai masu ƙarancin nauyi da kimanin kashi 12 cikin ɗari idan aka kwatanta da ƙarfe da folik asid kaɗai, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin muhimman magunguna. Idan ita aka ba ki, kada ki ƙara folik asid a kanta. Idan gwaji ya nuna jininki ya yi ƙasa, asibiti ne zai ƙara miki maganin ƙarfe.

Bayan haihuwa fa? Ina shayarwa, kuma ina tsoron kwanika.

A wurare masu yawan ƙarancin jini ana so mai jego ta ci gaba da shan maganin ƙarin jini mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa. Ciki da shayarwa suna zuƙe abin da jiki ya tara, don haka cikin da ya zo da wuri yakan tarar da rumbu ba kowa, kuma wannan yana cikin dalilan da ake ganin ƙananan jarirai a haihuwar kusa da kusa. Shawarar masana ita ce a bar wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin. Idan ba ki ɗauki wata hanyar tazara ba, ki ci gaba da shan miligiram 0.4 ko da kina shayarwa, ba ya cutar da nono.

Matata ta sha magungunanta duka, amma jaririn ya zo bai kai kilo 2.5 ba. Me za mu yi?

Malam, kada a ɗora mata laifi, domin akwai dalilan da ƙwaya ba ta kaiwa gare su. Abin da ke gabanku yanzu shi ne ɗumi da nono da tsafta. A ɗora jaririn a ƙirjin mahaifiyarsa, fata da fata, a sa masa hula, a ɗaure su da zane, ya kwana ya wuni a haka gwargwadon iko. Idan ta gaji ko za ta yi wanka, kai ko kakarsa kuna iya karɓa. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara wannan goyo nan take bayan haihuwa, kuma ya fi muhimmanci da hunturu. A jinkirta wankan farko aƙalla awa 24. A ba shi dakashi, kada a zubar, a shayar da shi kowace awa biyu zuwa uku har cikin dare, idan kuma ba ya iya tsotso a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi mai tsafta. Kada a ba shi ruwa ko zuma ko jiƙo, kada a shafa wa cibiya komai sai maganin da asibiti ya bayar. Jaririn da bai kai kilo 2 ba, ko wanda ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko numfashinsa ya yi sauri, ko idonsa da tafin hannunsa suka yi ɗorawa, a kai shi babban asibiti a ranar, yana manne a ƙirjin uwarsa a kan hanya.